Gardamar Masu Kallon Tamaula A Ƙofar Ɗan Agundi

Duk wanda ya saba fita ta Ƙofar Ɗan Agundi bayan sallar la'asar ya san majalisun da ke zama a bakin hanya, daga ƙofar har zuwa titin da ya bi gefen ganuwa ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Akwai teloli a cikinsu, da masu shayi, da 'yan kasuwa waɗanda suka rufe rumfa a Kurmi ko Kantin Kwari suka tsaya shan iska kafin magariba, da malaman zaure waɗanda almajiransu suka tashi. Galibinsu ba su taɓa sa takalmin tamaula ba, amma da wuya su watse ba a taɓo zancenta ba. Maƙwabtaka ce ta jawo haka. Kwalejin Rumfa tana nan a bayan ganuwa, ita ce wadda aka kafa cikin 1927 aka san ta da sunan Midil ta Kano, daga baya aka sa mata sunan Sarki Muhammadu Rumfa. Tun zamanin kakanni mutanen wannan yanki suke leƙa filin makaranta su ga 'ya'yansu da 'ya'yan maƙwabta suna guje-guje da tsalle-tsalle da buga ƙwallo, sa'an nan su komo bakin ƙofa su yanke wa kowa hukunci.

Mas'alar da ta fi daɗewa a bakinsu guda ɗaya ce, kuma ba ta tsufa. Ga yaro, kowa ya shaida gwaninsa. Ranar Litinin zuwa Alhamis, sa'ad da ba kowa a fili sai abokansa da malamin wasanni, in ya ajiye ƙwallo sau goma sai ya zura tara. Ranar da aka zo wasan cin kofi tsakanin makarantu, fili ya cika, shugaban makaranta yana zaune, aka tashi kunnen doki aka ce sai bugun daga kai sai mai tsaron gida, sai yaron nan ya zo ya ɗaga ta sama ta wuce raga, ko ya tura ta a hankali cikin hannun gola kamar mai miƙa saƙo. Me ya same shi? Ƙafar dai ita ce ta jiya, ƙwallon ita ce, ragar ba a rage faɗinta ba.

Kashi na farko na masu gardama, su ne kuwa mafi rinjaye, suna cewa abin a zuciya yake, zuciya kuwa da ita ake haihuwar mutum. A wurinsu hali zanen dutse ne. Akwai namijin da taro ke ƙara masa ƙarfi, akwai wanda taro ke kashe masa gwiwa, kuma ba malamin da zai mai da na biyu ya zama na farko. Sukan kawo misalin 'yan dambe da 'yan kokawa da masu shaɗi, su ce ba a taɓa koya wa mutum tsayuwa a gaban bulala yana murmushi ba. In sun ga yaron da ubansa ya yi suna a fili a zamaninsa, sai su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In kuwa ɗan ya ba su kunya, sai su ce dangin uwa ya ɗauko.

Kashi na biyu, yawancinsu tsofaffin ɗalibai ne da malaman makaranta, suna cewa horo ne ya gaza. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ɓarar, a ganinsu, bai buga isasshe ba ne, da ya maimaita sau dubu da ƙafarsa ta san hanya ko da ido a rufe. Na farko sukan amsa musu da cewa ai wanda ya ɓarar ɗin shi ne ya fi kowa daɗewa a fili, shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tashi. Nan akan cije.

Akwai kashi na uku, waɗanda ba su kawo hujja sai zato. Su ne masu cewa an yi wa yaron asiri, an binne wani abu a gindin raga, ko kuwa an ba shi wani abu ya sayar da wasa. Wannan magana ba ta cancanci a tsaya a kanta ba ta fuskar ilmi, amma ta fuskar ɓarna ita ce mafi nauyi, gama tuhumar cin amana ce ake ɗora wa ɗan shekara 16 ba shaida ba rantsuwa, a bakin mutanen da ba za su yarda a yi wa ɗansu haka a kan kwabo ɗaya ba.

Kafin a auna maganar kashi biyun farko, ya kamata mai karatu wanda ba ya zuwa fili ya san abin da ake jayayya a kansa. Ana ajiye ƙwallo ne yadi 12 daga raga. Faɗin ragar yadi 8 ne, tsayinta ƙafa 8. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi tana isa kafin rabin daƙiƙa ya cika, watau kafin mai tsaron gida ya gani ya yanke shawara ya miƙe jikinsa har kusurwa. Saboda haka rinjaye yana wajen mai bugu, kuma a wasannin manya kusan uku cikin huɗu suna shiga. An shigar da wannan bugu cikin dokokin wasa cikin 1891, amma raba gardama da shi bayan kunnen doki, mutum biyar biyar, sai cikin 1970 aka amince da shi. Kafin nan sake wasa ake yi, wani lokaci ma a jefa kwabo. To, a nan wahalar take. Aiki ne mai sauƙi wanda kowa ya san mai sauƙi ne, don haka wanda ya ci bai yi abin mamaki ba, wanda ya ɓarar kuwa ba shi da uzuri a idon jama'a.

Ko da yake a kan 'yan makaranta gardamar ke tashi, kowane ɓangare yakan nemo shaidarsa daga manya, gama su ne kowa ya gani. Babbar shaidar kashi na farko ita ce abin da ya faru a Asaba ran 24 ga Oktoba, 2018, ranar da Kano Pillars ta kara da Enugu Rangers a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa. Rabi'u Ali ya buɗe da ci, aka ƙara na biyu, aka ƙara na uku jim kaɗan bayan an komo hutu. Ci 3 da nema, saura bai kai minti 15 a tashi ba. A Kano har an fara shirin tarbar kofi. Sai Rangers ta rama ɗaya, ta rama na biyu, ta cike na uku a ƙurarren lokaci, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida ta ɗauke kofin da ci 4 da 2. Mutanen da suka kalli wasan a gidajen kallo na cikin birni ba su manta yadda wuri ya yi tsit ba. Masu cewa zuciya halitta ce suka sami abin faɗa na watanni, suka ce ga shi nan, ƙafa akwai, zuciya ce babu.

Amma fa labarin bai ƙare a Asaba ba, ko da yake masu wannan ra'ayi sun fi son a tsaya a can. Bayan wata tara, ran 28 ga Yuli, 2019, ƙungiyar nan dai, da 'yan wasa da yawa daga cikin waɗanda suka sha kunya, ta sake kaiwa wasan ƙarshe na wannan kofi, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, da Niger Tornadoes. Aka tashi ba ci. Aka koma ga abin nan da ya kashe su bara, da nauyin bara a kansu, da kuma nauyin shekara 66, gama rabon Kano da wannan kofi tun 1953, sa'ad da ake kiransa Kofin Gwamna, 'yan Kano suka ci Dynamos ta Ikko 2 da 1. Suka ci 4 da 3. In zuciya zanen dutse ce, wa ya kankare na Asaba ya zana na Kaduna cikin wata tara? Wannan tambaya ba ta taɓa samun amsa mai gamsarwa a bakin ƙofa ba. Abin da akan ce shi ne rabo ne, rabo kuwa gaskiya ne, sai dai wanda ya jingina nasara ga rabo bai kamata ya jingina faɗuwa ga ragwantaka ba.

Akwai shaidar da ta fi wannan ƙarfi, domin a kan mutum biyu take, ba ƙungiya ba. A gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka cikin 1996, Birazil tana gaban Nijeriya da ci 3 da 1. Victor Ikpeba ya rama ɗaya saura minti 12. A minti na ƙarshe ƙwallo ta faɗo wa Nwankwo Kanu a cikin cunkoso, ya ba raga baya, bai yi garaje ba, ya ɗaga ta kaɗan da ƙafa, ya juya ya zura. Ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci aka tashi. Ba a taɓa ganin natsuwa irin wannan ba, in ji kowa. Bayan shekara huɗu, ran 13 ga Fabrairu, 2000, a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Ikko, aka yi 2 da 2 da Kamaru aka je bugun raba gardama. Kanu ɗin nan ya buga, gola ya tare. Ikpeba ya buga, ta daki ƙarfen sama ta faɗo bayan layi ta fito, hoton talbijin ya nuna ta shiga, amma shi da kansa ya ɗora hannu a ka kamar wanda ya ɓarar, alƙalin wasa kuwa bai ba da ci ba. Kamaru ta ɗauki kofi. Jaruman Atlanta su ne na Ikko. Ba wanda zai ce an sake musu zuciya a tsakani.

To, in ba rashin zuciya ba ne, ba kuma ƙarancin maimaici ba, mene ne? Masu karanta wannan shafi sun fi 'yan tamaula sanin amsar, ko da yake ba su saba kallonta ta wannan fuska ba. A dubi gardi wanda ya haddace, ya yi shekaru yana tilawa da dare shi kaɗai a bayan gari, harshensa na gudu kamar ruwa a gangare, izu bayan izu ba tuntuɓe, har yana iya yi hankalinsa na wani wuri. A kawo shi gaban alarammomi a zaman darasu, ko a ɗora shi kan kujerar musabaƙa irin wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa ta ƙasa cikin 1986, ga alƙalai, ga ƙararrawa a gabansu, ga mutanen garinsu sun zuba ido. Sai ya zo wurin da ayoyi suka yi kama da juna, wurin da ya wuce sau dubu bai ko lura ba, yau sai ya ce a ransa, bari in kula, nan da wawu ne ko da fa'un? Da ya yi wannan tambaya, shi ke nan, harshe ya tsaya. Haddar tana nan ba ta tafi ko'ina ba, in ya sauko ya koma masauki za ta zubo masa cikakkiya. Kulawar da ya yi ce ta tare mata hanya. Kowane alaramma ya ga wannan a almajiransa, da yawa kuma sun ɗanɗana da kansu, kuma ba wanda ya taɓa cewa gardin nan matsoraci ne ko ya sayar da karatunsa.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1406, ya yi dogon bayani a cikin Muƙaddima a kan abin da ya kira malaka, watau sifar da ke kafuwa a cikin mutum saboda yawan maimaita aiki, har aikin ya zama kamar ɗabi'a. Da ita ya fassara gwanintar masu sana'a da fasahar harshe, ya kuma rarrabe tsakanin wanda ya san ƙa'idodin abu da wanda abin ya zauna masa a jiki. Abin da 'yan kallo ke kira basirar ɗan wasa, su ce an haife shi da ita, galibinsa malaka ce. Mai ɗinkin hula ba ya ƙirga zare, marinin Ƙofar Mata ba ya auna lokacin da zai tsamo zane, mai awon hatsi a Dawanau hannunsa ya san cikar tiya. A tsaya a kan ɗayansu a ce masa ya bayyana abin da yatsunsa ke yi yana cikin yi, sai a ga aikin ya rikice.

Masanan halayyar ɗan Adam na Turai da Amurka sun iso wurin nan ta hanyar gwaji. Cikin 1984 Roy Baumeister ya sa mutane wani ɗan wasan hannu na mirgina ƙwallo a kan sanduna biyu, ya ga cewa wanda aka umarta ya lura da hannuwansa ya fi lalata aiki, haka kuma wanda aka matsa masa da gasa ko alkawarin lada. Cikin 2002 Sian Beilock da abokan aikinta suka gwada da 'yan tamaula. Aka jera alamomi aka ce su bi tsakaninsu da ƙwallo. Wani zubin aka ce su riƙa lura da wane gefen ƙafa ne ya taɓa ƙwallo, wani zubin kuwa aka shagaltar da kunnensu da sauraron waɗansu kalmomi. Gwanaye suka fi sauri sa'ad da aka shagaltar da su, suka yi nawa sa'ad da suka lura da ƙafa. Sababbin shiga kuwa akasin haka, lura ta taimake su. Abin da ya fi ban sha'awa, da aka ce gwanayen su yi da ƙafar da ba su saba da ita ba, sai lura ta amfane su su ma, gama a wannan ƙafa su ma koyo suke. Ma'ana dai kulawa abincin mai koyo ce, amma ga wanda ya riga ya iya, in ta zo ba a lokacinta ba, sarƙa ce. Wannan ya warware abin da ya cije wa kashi na biyu, watau dalilin da ya sa yaron da ya fi kowa horo shi ne ya ɓarar. Wanda bai iya ba ba shi da malakar da za ta rikice.

Jiki kuma yana da nasa rabo. In mutum ya hangi hatsari, ko da hatsarin kunya ne ba na zaki ba, waɗansu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda sukan saki wani sinadari cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, yawu ya ƙafe, tsoka ta ɗaure. Kaɗan daga wannan alheri ne, shi ke sa mai gudu ya fi gudunsa na kullum. In ya yi yawa sai ya ɓata aikin da ke son laushin gaɓa. Sa'an nan ya haifi gaggawa, gama abin da rai ke so a wannan hali shi ne a gama a huta. Geir Jordet, wani malami a makarantar koyon ilmin wasanni ta Oslo a ƙasar Norwe, ya bi hotunan bugun raba gardama na manyan gasannin duniya na shekaru masu yawa yana aunawa. Ya tarar cewa masu rugawa da zarar an busa usur sun fi ɓararwa bisa ga masu ɗan dakatawa. Ya kuma tarar da wani abu wanda ya isa a yi tunani a kansa. In bugun na cin kofi ne, watau in ya shiga an yi nasara, fiye da 90 cikin 100 suna shiga. In kuwa na tsira ne, watau in bai shiga ba an fita, sai su komo wajen 60 cikin 100. Nisan bai canja ba, gwanintar masu bugun ba ta bambanta haka ba. Abin da ya bambanta shi ne abin da mutum ke kallo a ransa sa'ad da yake takowa daga tsakiyar fili, ko riba ko hasara.

Mai tsaron gida ma bai tsira ba. Michael Bar-Eli da abokansa sun ƙirga bugu 286 na manyan wasanni suka buga sakamakon cikin 2007. Fiye da ɗaya cikin huɗu na ƙwallayen tsakiyar raga suka nufa, amma masu tsaron gida ba su tsaya a tsakiya ba sai kimanin sau 6 cikin 100. Sun gwammace su faɗi dama ko hagu, domin wanda ya yi tsalle aka ci shi an ga ƙoƙarinsa, wanda ya tsaya cik aka ci shi kuwa za a ce barci yake. Watau saboda idon 'yan kallo yake faɗuwa. Ɗan kasuwa ya san irin wannan. Farashi ya fara sauka, maƙwabta na kallo, sai mutum ya karyar da kaya don kada a ce ya zauna bai yi kome ba, alhali da ya yi haƙurin kwana uku da ya fita.

Duk da haka ba a ce kashi na farko ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Mutane sun bambanta tun daga tsatso, wani jininsa mai saurin hawa ne, wani mai sanyi, uwa ma ta san wannan a 'ya'yanta tun suna goye. Imam Gazali bai musa wannan ba a cikin Ihya'u, inda ya yi magana a kan horar da rai. Ya yarda ɗabi'u sun bambanta wajen saurin karɓar gyara, amma ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya canjawa, ya kafa hujja da cewa ana horar da doki da tsuntsun farauta, balle mutum. Ya kuma sanya jaruntaka a tsakanin tsoro da ganganci. Wannan ma abin lura ne ga majalisa, gama sau da yawa yaron da suke yabo da zuciya ganganci ne kawai ke gare shi, bai san nauyin abin ba tukuna, ranar da ya sani shi ma zai ji ƙafarsa ta yi sanyi.

Inda kashi na biyu suka yi kuskure shi ne zaton da suke yi cewa maimaita bugu a fili wofi ya isa. Abin da ke bukatar sabo shi ne idon mutane. Makarantun dā sun gane wannan ko da ba su ba shi suna ba. A Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949, ita ce Barewa ta yau, wasa wajibi ne kamar darasi. A can Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ƙware a wasan nan na dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Turawa ke kira Fives, bai kuwa bar shi ba har yana Firimiya. Makarantun kwana kuma an raba su gida gida, ana karawa tsakanin gidaje a kai a kai, dukan makaranta na kallo tana ihu. Yaron da ya tashi a haka ya sha kunya ƙanana sau da yawa a gaban waɗanda za su manta kafin jibi, saboda haka ranar babban taro ba baƙonsa ba ne. Haka alaramma mai hikima yake yi, yakan sa gardi ya ja baƙi a gaban 'yan'uwansa, sa'an nan gaban baƙi kaɗan, kafin ya kai shi gaban manya. Yau kuwa makarantu da yawa a cikin gari, musamman na kuɗi, a gidajen haya suke, ba su da filin da akuya za ta yi kiwo. Yaro yana koyon ƙwallo a lungu, taro na farko da zai gani shi ne na ranar kofi, sa'an nan a yi mamaki don ya rikice.

Malaman wasanni masu lura suna da dabarunsu, ba kuwa masu tsada ba ne. Sukan bar bugun daga kai sai mai tsaron gida sai ƙarshen horo, sa'ad da yara suka gaji, su tara sauran ɗalibai su tsaya bayan raga suna ihu, su sa kowane yaro ya tako shi kaɗai daga tsakiyar fili kamar yadda zai yi ranar gaske. Sukan ce masa ya zaɓi kusurwarsa tun kafin ya taso kada ya sake shawara a hanya, ya ajiye ƙwallo da hannunsa, in an busa usur ya ja numfashi ɗaya tukuna, ya sa idonsa a inda yake so ta tafi, ya bar ƙafa ta yi abin da ta sani. Waɗansu kuma sukan umarci sauran 'yan wasa cewa duk wanda ya ɓarar a je a tarye shi a komo da shi cikin sahu, domin na bayansa yana kallo, yana auna abin da zai same shi in shi ma ya kuskure.

Wannan na ƙarshe ya shafi majalisa kai tsaye, gama su ma suna cikin abin da yaron ke gani a ransa sa'ad da yake takowa. Ya san ta Ƙofar Ɗan Agundi zai koma gida. Ya san in ya ɓarar akwai laƙabin da ke jiransa, kuma laƙabi a cikin birni ba ya mutuwa, akwai dattawa masu jikoki da har yau ake kiransu da sunan kuskuren da suka yi a filin makaranta. Ga wanda ke fatan a gan shi a gasa irin Kofin Ramat, wanda ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed, ko ya bi sawun Ahmed Musa, wanda ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Turai, kalmar ba shi da zuciya in ta manne masa tana iya rufe ƙofar kafin ya ƙwanƙwasa. Masu faɗinta kuwa hira kawai suke yi kafin a kira salla.

A 'yan shekarun nan gardamar ta sami sabon reshe, watau ko gwanin ƙungiya shi zai fara bugu ko shi zai rufe. Asalinta wasan ƙarshe na Kofin Afirka da aka yi a Yawunde ran 6 ga Fabrairu, 2022, tsakanin Senegal da Masar. Sadio Mane ya sami fenariti tun farkon wasa, golan Masar ya tare. Aka yi minti 120 ba ci. Da aka zo raba gardama shi ne dai ya tako ya buga na biyar, ya ci, Senegal ta ɗauki kofin karo na farko da ci 4 da 2. Masar kuwa ta ajiye Muhammad Salah ya buga na biyar, biyu daga cikin abokansa suka ɓarar, aka gama layi bai zo kansa ba. Kashi na farko sun riƙe Mane, sun ce ga mai zuciya. Kashi na biyu sun ce ai shi ne ya ɓarar sa'o'i biyu kafin nan, da a bakin ƙofa yake da tuni an raɗa masa suna. A kan Salah kuwa bakinsu ya zo ɗaya, abin da ba safai ake gani ba, cewa laifin mai horarwa ne da ya ajiye shi a ƙarshe.